Wace Rana Aka Haifi Ɗankaka?

Ƙarshen Oktoba ba ya sallama in zai shigo ƙasar Mafara. Sai dai mutum ya fito sallar asuba ya ji ruwan buta ya sake, ya ɗaga kai gabas ya ga babu ko ɗigon hadari, sai wani fari-fari da ya fara kwanciya a kan itatuwa. Da hantsi rana ta dawo da zafinta na kaka, mai tsotse laka a bakin fadama. Ko ka bi hanyar Bakura, ko ka ratsa ta Maradun, abin da ido zai gani ɗaya ne. Gero ya bar gona, dammuna na jingine a gindin rumbu, dawa ta sunkuyar da kai tana jiran ranarta. Mata na tsinkar gyaɗa, yara na roron wake, an fara ɗora harawa bisa rufin ɗaki don kada awaki su kai gare ta. Gawo, wanda ya yi damina tsirara, ya fara tofo. Ranar Talata kasuwa ta cika tun kafin azahar, farashin tiya ya ɗan sauko, mai bin bashi ya fara zagayen gaisuwa, maganar auren da aka jingine tun bazara ta sake tasowa. Da wuya ka ji wani ya ce yau 25 ga wata. Cewa ake yi kaka ta yi.

A cikin waɗannan kwanaki ne wayoyin samari da wasu shirye-shiryen rediyo ke kawo jerin abubuwan da suka faru a rana irin ta yau, kuma jerin ƙarshen Oktoba mai kauri ne. Ranar 23 aka haifi Pele a Brazil, a 1940. Ranar 30 aka haifi Maradona a Ajantina, a 1960, ga shi har yau 'yan gidan kallon ƙwallo ba su gama gardamar wanda ya fi wani ba. Ranar 24 ga Oktoba, 1945 Majalisar Ɗinkin Duniya ta tsaya da ƙafarta. Ranar 30 ga wata, a 1974, a Kinshasa, Muhammad Ali ya kai George Foreman ƙasa a turmi na takwas, a damben da aka fara wajen ƙarfe huɗu na dare. Wannan labari na da daɗin ji a ƙasar da ake hirar Shago da Ɗandunawa da kiɗan Ɗan'anace, ga shi kuma dama kaka ce lokacin ɗaure hannu.

Ina jin daɗin irin wannan jeri, amma lambobin cikinsa ne ke tsayar da ni. Kowane suna da ranarsa, da watansa, da shekararsa. Wato ranar da aka haifi yaron, tun bai zama kowa ba, tun babu wanda ya san zai taɓa ƙwallo, an sami wani ya ɗauki alƙalami ya rubuta. Sai in juyo gida in ɗauki sunan da ya fi kowane suna tashi daga wannan yanki a fagen fasaha, Alhaji Musa Ɗanƙwairo. A Ɗankadu ta ƙasar Bakura aka haife shi, a gidan kiɗa, ɗan Usman Ɗankwanda, ƙanen Abdu Kurna. A fadar Sarkin Ƙayan Maradun ya kafu, daga can muryarsa ta kai ga Sardauna, ta kai duk inda ake jin Hausa. Ranar rasuwarsa a rubuce take: Juma'a, 13 ga Satumba, 1991. Haihuwarsa fa? Wani littafi ya ce 1907, wani ya ce 1909, wata da rana kuwa babu mai kawo su. Mutumin da ya haddace salsalar sarakuna yana jero ta a waƙa ba tuntuɓe, tasa ranar ba ta sami mai riƙewa ba.

Kada a ɗauka mutanenmu ba su damu da ranar haihuwa ba. Sun damu, har suka liƙa ta a jikin mai ita yadda ba za ta rabu da shi ba sai kabari. Zauna a kowace majalisa a Bakura ka saurari yadda ake kiran juna. Ɗanladi da Ladi na Lahadi ne, Altine ta Litinin, Talatu ta Talata, Balarabe da Laraba sun faɗi tasu, Ɗanlami da Lami na Alhamis, ga Ɗanjuma da Jummai, ga Ɗan'asabe da Asabe. Wanda ya zo ana shuka Shibkau ne, wanda ya zo ana tsakiyar noma Nomau, wanda ya faɗo ruwa na zuba Anaruwa, na ranar idi Sallau. Wanda kuwa ya zo a irin waɗannan kwanaki, rumbu cike, uwarsa na jego da kunun kanwa na sabon gero, shi ne Ɗankaka, kuma akan ce ya zo da goshi, don ragon sunansa bai ba uban wuya ba. Ranar mako da yanayin shekara suna nan a ajiye cikin suna. Lambar wata da lambar shekara aka bari, domin a zaman da ake yi a da babu inda ake tambayarsu. Da ido ake sanin yaro ya isa riƙon kalme, da ido ake sanin ya isa haraji, da ido ake sanin ya isa aure. Bikin ma na ranar suna ne: kwana bakwai, liman ya raɗa, maroƙi ya shelanta, wanzami ya yi aski, a raba goro a watse. An yi sau ɗaya an gama, ba a dawowa kansa shekara-shekara.

Ita ma shekara da abin da ya faru a cikinta ake kiranta. Kakanninmu sun ƙirga daga Kakalaba, yunwar 1914, da 'Yar Gusau ta farkon shekarun 1940. Iyayenmu kan ce shekarar da mota ta koma hannun dama, wato 1972, ko shekarar da naira ta kori fam da sule, 1973, wadda ta zo tare da fari. A wannan yanki kuwa babu ma'aunin da ya kai dam. Kamfanin Impresit na Italiya ne ya datse Gulbin Sakkwato a Bakolori, aka kammala aikin a 1978. Ruwa ya ci gonaki da gidajen dubban iyalai, gardamar diyya ta yi ta ja har Afrilun 1980, zamanin Shugaba Shagari da Gwamna Shehu Kangiwa, lokacin da 'yan sanda suka buɗe wa manoma wuta. Gwamnati ta faɗi adadi kaɗan, manoma da masu bincike suka ce ɗaruruwa. Duk wani mai furfura a Maradun ko Mafara zai iya gaya maka inda yake a lokacin: yana kiwon awaki, ko yana makarantar allo, ko yana sabon aure. Daga nan yake auna shekarunsa, daga nan yake auna na ƙannensa.

Ban da wannan akwai lissafin malaman zaure na taurari 28, kowanne kwana 13, bakwai-bakwai ga bazara da damina da kaka da ɗari. Manomi kan tambayi malam tauraron da ake ciki kafin ya zuba iri, kuma sunaye irin su Sarfa da Simaku ba baƙi ba ne a kunnen dattawa. Ga kuma watannin Musulunci na azumi da layya da takaba. Ƙirga uku ke nan ke tafiya tare a gari ɗaya: na wata don ibada, na taurari don gona, na boko don albashi da makaranta. Oktoba na cikin na ukun, shi ya sa ma'aikaci ya fi manomi saninsa.

Duk da haka akwai ranakun ƙarshen Oktoba da suka shiga bakin mutanen nan da lambarsu. Ta farko Laraba ce, 27 ga Oktoba, 1999, cikin watan Rajab na 1420. Zamfara ba ta daɗe da cika shekara uku ba tun da Janar Sani Abacha ya yanke ta daga Sakkwato ranar 1 ga Oktoba, 1996, mulkin farar hula kuma wata biyar ke nan da dawowa. A ranar Gwamna Ahmad Sani, Yariman Bakura, ya tara jama'a a Dandalin Ali Akilu da ke Gusau ya ƙaddamar da Shari'a. Hanyoyin shiga gari suka cushe, baƙi suka zo daga jihohi da ƙetare, da yawa ba su ko ga dandalin ba sai dai su ji kabbara na tasowa daga gaba su amsa. Dokar ta fara aiki ranar 27 ga Janairu, 2000, jihohi goma sha ɗaya suka biyo sawu.

Nakan tsaya in tambayi kaina: manomin da ya bar dawarsa a tsaye, a tsakiyar kaka, ya hau bayan a-kori-kura zuwa Gusau, me ya je nema? Sallarsa da aurensa da rabon gadonsa dama bisa Shari'a suke tafiya tun kaka da kakanni. Alƙalin da ba a saye ya je nema, da mudun da ba a buga wa gindi ba, da zakkar da za ta kai ga marayu ba ta tsaya a hanya ba, da daren da saniya za ta kwana a turke mai ita ya yi barci. An yi wasu abubuwa, ba a musu. An rufe gidajen giya da na caca, an kafa hukumar zakka da waƙafi, da ta Hisba, da ta yaƙi da rashawa. Hukuncin yanke hannu na farko a Talata Mafara aka zartar da shi, a Maris na 2000, a kan wani mutumin Jangebe da aka samu da laifin satar saniya. Da nauyin zuciya nake rubuta abin da ke biye. A Jangeben nan ne aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantarsu ranar 26 ga Fabrairu, 2021. A ƙasar nan ne yau ake kora garke guda da rana tsaka, ake yanka wa ƙauye kuɗin da zai biya 'yan bindiga kafin a bar shi ya girbe abin da ya noma. Shari'ar Allah ba ta gaza ba. Alkawari aka ɗauka da sunanta a bainar jama'a, kuma babban kasonsa, wato tsare rai da dukiyar talaka, bashi ne da ke kan masu mulki har gobe. Yaran da aka haifa a wannan kaka, 'ya'yan shekarar Shari'a, yanzu magidanta ne da matan aure, suna da hankalin da za su tambaya. A ganina duk 27 ga Oktoba ranar zaman lissafi ya kamata ta zama, a ce ga abin da aka yi alkawari, ga wanda aka cika, ga wanda ya rage.

Ta biyu Lahadi ce, 29 ga Oktoba, 2006, kimanin mako guda da ƙaramar Sallah, yara ba su gama yawo da sababbin kaya ba. Jirgin kamfanin ADC ya tashi daga Abuja zai tafi Sakkwato da mutum 105, bai yi nisa ba ya faɗo cikin gona kusa da filin jirgin. Mutum 96 suka riga mu gidan gaskiya. Cikinsu akwai Sarkin Musulmi Muhammadu Macciɗo, da ɗansa Sanata Badamasi, da Sanata Sule Yari Gandi, da mataimakin gwamnan Sakkwato, Garba Muhammad Silame. Shekara guda kafin nan, ranar 22 ga Oktoba, 2005, jirgin Bellview ya faɗi a Lisa ta Jihar Ogun da mutum 117, babu wanda ya fita, don haka raunin bai warke ba aka fama shi. Ƙasa duka ta yi makoki, amma na Mafara daban ne, domin kafin duniya ta san Macciɗo da Sarkin Musulmi na 19, nan ta san shi da Sarkin Kudu. A shekarun 1950 ya riƙe ƙasar Talata Mafara yana matashi, ɗan Sarkin Musulmi Abubakar na Uku. Makaɗin da sunansa ya haɗe da nasa, Sa'idu Faru, mutumin Faru ne ta ƙasar Maradun. Har yau akwai dattawan da in za su ambace shi Sarkin Kudu ne ke fara zuwa bakinsu.

Abin da na fi riƙewa game da shi haƙuri ne. Mahaifinsa ya rasu ranar 1 ga Nuwamba, 1988 bayan shekara hamsin a gadon sarauta. Jama'a da dama sun sa rai shi zai gada, sai gwamnatin soja ta Babangida ta sanar da Ibrahim Dasuki, Sakkwato ta yamutse, aka rasa rayuka. Macciɗo bai zama tutar tarzoma ba. Ya koma gefe shekara bakwai da watanni, har Afrilun 1996 sarautar ta zo ta same shi, ya yi shekara goma a kai. Kwana huɗu bayan haɗarin, ranar 2 ga Nuwamba, aka sanar da ƙanensa Muhammad Sa'ad Abubakar.

Wannan gaɓa ta shekara ta daɗe da sanin gidan Shehu. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ma a ƙarshen Oktoba ya rasu, a 1837, a Wurno, cikin Rajab na 1253, bayan shekara ashirin yana riƙe da daula. Mun san haka ne don malaman zamaninsa sun rubuta. Ashe alƙalami ba baƙonmu ba ne. Ƙasar da ta rubuta ranakun yaƙe-yaƙe da wafatin manya da tawada da takarda tun kafin zuwan Bature ba rashin iya rubutu ya hana ta rubuta haihuwa ba. Al'adar ce ta tsaya a kan cewa sai mutum ya zama wani ake rubuta shi, kuma mafi yawa a ranar da ya tafi.

Ta uku ba ta da nisa. Laraba, 26 ga Oktoba, 2022, gwamnan Babban Bankin Najeriya, Godwin Emefiele, ya sanar za a sauya takardun naira 200 da 500 da 1,000. Sanarwar ta faɗo daidai lokacin da manomi ke mayar da hatsinsa kuɗi ya ɗaure a ɗaki, a yankin da sai an yi tafiya kafin a ga banki, hanyar kuma ba kullum take biyuwa ba. Aka sa wa'adin 31 ga Janairu, 2023, aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu. Tsofaffin kuɗi suka shiga banki, sababbi suka ƙi fitowa, mutum ya sayi kuɗinsa da kuɗinsa a hannun masu POS, mai tumatir da mai nono suka yini babu ciniki. Zamfara, ƙarƙashin Gwamna Bello Matawalle, mutumin Maradun, na cikin jihohi ukun farko da suka kai ƙara Kotun Ƙoli tare da Kaduna da Kogi, kotun kuma ta yanke ranar 3 ga Maris, 2023 cewa tsofaffin takardun su ci gaba da karɓuwa.

A nan ne tsohon lissafinmu ya fara sarƙewa. In uwa ta ce ta haifi ɗanta shekarar canjin kuɗi, wane canjin? Na 1973, ko na Buhari na 1984, ko na jiya? In ta ce shekarar da aka kashe sabis, wannan an gane, 2021 ce, lokacin da daga farkon Satumba aka katse layukan waya aka rufe kasuwannin mako, har ƙarshen Oktoba ya zo ya wuce Mafara ba ta ci Talatarta ba. Amma in ta ce shekarar da aka tashi garinmu fa? Garin an tashe shi sau biyu ko sau uku. Ƙirga da manyan al'amura na yiwuwa ne in al'amuran jefi-jefi suke zuwa. Kuma yana buƙatar mutane su zauna wuri ɗaya, da tsohuwar da ta yanke cibin rabin unguwa, wadda ta san wa ya girmi wa da kwana nawa, ta san wanda aka yi wa kaciya tare da wa. In ƙauye ya watse, wasu Mafara, wasu Gusau, wasu Sakkwato, tsohuwar ta rasu a gudun hijira, littafin unguwar ne ya ƙone. Yaron da aka haifa a wannan kaka a wani kango a bayan gari ba shi da takarda, ba shi kuma da unguwar da za ta riƙe masa ranarsa.

Ga shi duniyar da zai shiga lamba take tambaya. Tsaya kusa da teburin da ake yin katin ɗan ƙasa ko buɗe asusun banki ka saurara.

"Baba, wace rana aka haife ka?"

"Ɗana, ni dai da kaka anka haihe ni, ran Alhamis. Sa'adda anka tashe mu don dam ina kiwon awaki."

"To Baba, kwamfuta lamba take so."

"Kai ka san ta. Sa abin da kag gani daidai."

Yaron da ke kan teburin ya dubi fuskar dattijon, ya ƙiyasta, ya buga 1 ga Janairu, 1970. Baba ya faɗi gaskiya har uku, yanayi da rana da alamar shekara, aka mayar masa da lamba guda wadda babu gaskiya a cikinta. Haka Ɗankaka ya zama haifaffen tsakiyar hunturu, shi da Nomau da Shibkau duk rana ɗaya. Abin ba ya tsayawa a nan. Takardar makaranta ta ce wani abu, ta banki ta ce wani, fasfon aikin Hajji ya ce wani. Ɗalibi ya ci jarrabawa, a dakatar da shi don shekarunsa sun saɓa a takardu biyu. Ƙane ya girmi wansa a rubuce. Ma'aikaci ya zo ritaya a ce ba a gane lissafinsa ba. Mafita a kullum ita ce a je kotu a yi takardar rantsuwa, wato Musulmi ya sa hannu a kan ranar da shi da mai karɓar rantsuwar duk sun san ƙiyasi ce. Wannan ya fi komai damuna a cikin lamarin, don muna koya wa yaro tun shigarsa duniyar takarda cewa lamba abar gyarawa ce gwargwadon buƙata.

Matasan yanzu sun shigo da nasu salon. Facebook na tuna wa abokai, a je a ɗauki hoto da sabon ɗinki, wani lokaci a yanka kek a shagon aboki. Malamai sun rabu a kan hukuncin wannan biki, kuma ba ni ne zan raba musu gardama ba. Abin da nake roƙo shi ne kada ƙin biki ya ja mu ga ƙin rubutu, don abu biyu ne daban. Wanda ba zai taɓa yanka kek ba yana buƙatar sanin ranar da 'yarsa ta cika wata tara don rigakafin ƙyanda, da shekarar da ya kamata ɗansa ya shiga aji ɗaya, da lokacin da maraya ya balaga a miƙa masa dukiyarsa.

Kuma kai rubutu kowace ƙofa ba gagara ba ne, don an riga an yi. Duba jikin bangon zaure a kowane lungu na Maradun ko Bakura, za ka ga rubutun alli da masu rigakafin shan inna suka bari, da kwanan wata da adadin yaran da aka ɗiga wa, yaran kuma da shuɗin tawada a ƙaramin yatsa. A wasu ƙauyuka shi ne kaɗai kwanan watan boko da ke rubuce a fili. Shi ma wannan aiki ɗan ƙarshen Oktoba ne: ranar 24 ce ranar yaƙi da shan inna ta duniya. Jonas Salk, wanda ya fito da rigakafin farko a 1955, an haife shi ranar 28 ga Oktoba, 1914 a New York, shekarar da kakanninmu ke fama da Kakalaba. Na ɗigawa a baki kuwa Albert Sabin ne ya samar da shi daga baya. Bill Gates, wanda gidauniyarsa ta zuba dukiya a wannan yaƙi a Arewa, shi ma 28 ga Oktoba aka haife shi, a 1955. Da wannan bi gida-gida aka kai ranar 25 ga Agusta, 2020, da aka shelanta Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali. Ƙafar da ta kai ɗigo kowane gida za ta iya kai rajistar haihuwa. Garuruwan nan uku sun ba Zamfara gwamnoni uku, Yariman Bakura, da Abdul'aziz Yari na Mafara, da Matawalle na Maradun, shekara ashirin ke nan a haɗe. Mulki bai yi mana nisan da za a ce har yau jariri na zuwa duniya a ƙauyukanmu babu inda aka rubuta shi ba.

Kafin gwamnati ta iso, akwai wanda ke wurin kowace haihuwa ba fashi: limamin da ke raɗa suna. Ya iya rubutu, ko da ajami ne, ya san kwanan watan Musulunci, kuma babu wayar da ba za ta ba shi na boko ba. Littafi ɗaya mai kauri a kowane masallacin unguwa ya isa: sunan jariri, sunan uba da uwa, ranar haihuwa a ƙirga biyu. Mai unguwa ya riƙe kwafi, don in ɗaya ya salwanta ɗaya ya tsira. Daga nan zuwa takardar Hukumar Ƙidaya taki ɗaya ne.

Su kuwa waɗanda aka riga aka haifa, akwai dabarar da masu ƙidayar jama'a suka daɗe suna amfani da ita, ta tafiya da jadawalin manyan al'amuran yanki don gano shekarun wanda ba shi da takarda. Namu jadawalin ba a zauna an yi shi da kyau ba, alhali ga Kwalejin Fasaha ta Abdu Gusau da Jami'ar Jihar Zamfara duk a Talata Mafara, cike da ɗalibai masu neman abin da za su yi bincike a kai. Su shiga gundumomin Mafara da Bakura da Maradun da littafi da na'urar ɗaukar murya, su zauna gaban dattawa maza da mata, su tambayi sunan da kowane gari ya ba kowace shekara: ta fara, ta ambaliya, ta sanƙarau, ta zuwan Sarkin Kudu, ta tashin gari don dam, ta naɗin wane da rasuwar wane, sannan su ɗora wa kowace lambarta. Bayan an gama ɗaure dawa ne dattawa ke samun sararin zama, kafin aikin rani ya ja mutane fadamun Bakolori. Kuma a fara da waɗanda suka ga Afrilun 1980 da idonsu suna manya, domin mafi ƙanƙantarsu yanzu ya haura sittin.